Yadda za ka mayar da labarin ɗan gudun hijira littafin zane

Sana'ata rubuta allunan shaguna, da safe kuma ina koyar da zane a wata makarantar firamare a Maiduguri. Littafin labari cikin zane guda ɗaya tak na taɓa yi, shafi 32, baƙi da fari, amma sai da ya ci mini wata goma sha ɗaya. Labarin wata dattijuwa ne da ta gudo daga Doron Baga lokacin da 'yan Boko Haram suka afka wa Baga ranar 3 ga Janairun 2015. A gidan maƙwabcinmu ta sauka, kamar dai yadda akasarin waɗanda suka shigo garin nan suka sauka a gidajen mutane ba a sansani ba, ta kama suyar ƙosai a bakin layinmu. Inna nake ce mata, a nan ma haka zan kira ta. Tun da littafin ya fito, samari da 'yan mata masu hannun zane suke tare ni suna tambaya ta ina ake farawa. Ga abin da na koya, wani cikin sauƙi, wani sai da na yi kuskure.

Ajiye fensirin tukuna

Wata uku na farko ban zana komai ba. Bayan la'asar nake zuwa in zauna a bencinta, in sayi ƙosai, in tura mata itace a murhu, mu yi ta hira. Ka sani, duk wanda ya daɗe a gudun hijira yana da labari biyu. Akwai na cike fom, wanda ya maimaita wa ma'aikatan agaji har ya haddace: daga ina, yaushe, 'ya'ya nawa, me aka rasa. Shi za a fara ba ka, kuma ba ƙarya ba ne, sai dai ba ya zanuwa. Na biyun ba ya fitowa sai an saba da kai, sai an ga ba ka zo da takarda a hannu kana duba agogo ba.

Kada ka ce "ba ni labarin abin da ya faru". Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ita ce ta fom ɗin nan. Tambayi ƙananan abubuwa. Wane takalmi ne a ƙafarki ranar? Me kika ɗora a wuta? Wa kika fara kira? Da irin wannan tambaya na samu abin da ya riƙe littafin gaba ɗaya. Inna ta ɗora ruwan kunu da asuba, ta ɗaga murfin tukunya ke nan don ta duba ko ya tafasa, sai harbi ya tashi. Ta suri jikarta ta goya, ta fita. Sai da rana ta take, suna tsakiyar daji, ta lura murfin na nan a hannunta. Ba kuɗi, ba mayafi na biyu, sai murfin tukunyar dalma. Da shi suka riƙa ɗiban ruwa a kududdufi, da shi ta kare kan jikar daga rana, a cikinsa wata mata ta zuba musu garin kwaki a Monguno. Da na zauna ina ƙirƙira, ko shekara zan yi ba zan samo wannan ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Idan kai namiji ne, mai labarin kuma mace, ka tafi da matarka ko ƙanwarka. Akwai abubuwan da Inna ta faɗa wa uwargidana kaɗai, ita kuma ba ta faɗa mini ba, ban kuma tambaya ba. Ba su shiga littafin ba, haka ya kamata. Idan mai magana ya yi shiru, kai ma ka yi shiru, kada ka cike wurin da wata tambayar. Yara kuwa kada ka sa su maimaita abin da suka gani. In ka ba su takarda suka zana da kansu, wannan nasu ne, ba kayan aikinka ba ne.

Izini sau uku ake nemansa: kafin a fara, bayan an gama daftari, sannan kafin a kai maɗaba'a. Kuma ka yi bayani dalla-dalla, domin "zan yi littafi" ba ta isa ba. Ka ce za a iya ɗaukar hoton shafin a sa a Facebook da WhatsApp, zai iya kaiwa hannun waɗanda aka gudo dominsu, zai iya kaiwa hannun dangin miji. Ka canza suna, ka canza kamannin fuska, kada ka zana tsagen fuskar mutum yadda yake, kada ka ambaci unguwar da yake zaune yanzu. Idan a cikin hira aka ce akwai yaron da ya ɓace tun ranar gudu, kada ka ɗauka littafinka ne zai nemo shi. Ƙungiyar Red Cross tana da sashen haɗa iyalan da yaƙi ya raba, can za ka raka su.

Gidan da aka bari

Daftarina na farko na buɗe shi da wuta. Gidaje na ci, hayaƙi ya turnuƙe, mutane da bindigogi a kan babura, mata na gudu hannu a ka. Na kwana huɗu a kan shafin nan, ina ganin ban taɓa yin zane mai ƙarfinsa ba. Na kai wa Inna. Ta goge hannunta a gefen zani, ta karɓa, ta daɗe tana kallo, sannan ta kifa takardar a kan benci.

Ta ce, "Ɗan nan, ina gidana?"

Na ce, "Inna, ai ga shi nan yana cin wuta."

Ta ce, "Wannan gidan kowa ne. Nawa akwai ɗorawa... a'a, dalbejiya ce a bakin ƙofa, da bandar kifi guda biyu a baya."

Nan na gane na zana abin da nake ji a rediyo ne, ban zana abin da ta rasa ba. Mai karatu ba zai ji zafin ƙonewar gidan da bai taɓa shiga ba. Don haka ka kashe kashi ɗaya cikin huɗu na littafin a kan rayuwar da ake yi kafin tashin hankali. Ni shafi takwas na ba Doron Baga: kwale-kwale suna dawowa da hantsi, tarwaɗa da karfasa a cikin kwando, mata na nannaɗe kifi suna jerawa a banda, hayaƙin banda mai daɗin ƙamshi wanda ba irin na gobara ba, manyan motoci na lodin kwalaye zuwa Maiduguri har kudu. Hausawa da Barebari da sauran ƙabilu a kasuwa ɗaya, naira da sefa na yawo hannu da hannu. Na zana mijinta yana ɗinkin taru, na zana akuyarta mai karyayyen ƙaho, na zana tukunyar nan da murfinta a rufe sau uku a shafuka daban-daban, don idon mai karatu ya saba da ita tun kafin ya san dalili.

Ban taɓa taka Doron Baga ba. Abin da na yi shi ne na miƙa mata tsinke, ta zana mini fasalin gidan a ƙasa: nan zaure, nan ɗakinta, nan madafa, ƙofa na kallon gabas. Na kwafa a takarda kafin iska ta share. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk abin da ba ka gani da idonka ba, ka sa mai shi ya zana maka a ƙasa, ko ya nuna maka irinsa a kasuwa. Na je kasuwar kifi ta hanyar Baga sau biyar don kawai in ga yadda ake ɗaure kwalin banda.

Harin kansa shafi ɗaya na ba shi, kuma babu bindiga ko ɗaya a ciki. Tukunya a kan murhu ba murfi, ruwa na tafasa yana zuba a wuta. Kaji sun watse. Takalmin yaro wari ɗaya a bakin zaure. A ƙasa na rubuta kwanan wata da sunan garin ɓaro-ɓaro, da sunan waɗanda suka kai harin, don kada a ce an ɓoye gaskiya. Dalilina biyu ne. Na farko, ni malamin firamare ne, na san abin da yara maza suke kwafa idan aka ba su littafin zane: mai bindiga suke kwafa, su ƙara masa tsayi da ƙwanji, kafin ka ankara ya zama gwarzon labarin. Na biyu, cikin masu karanta littafin akwai waɗanda suka ga abin da idonsu. Ba sa buƙatar in tuna musu yadda jini yake.

Hanya

A irin wannan littafi, girman akwatin zane, wato kowane ɗan gidan hoto da ake raba shafi da shi, shi ne agogo. Ƙananan akwatuna shida ko takwas a shafi ɗaya suna sa ido gudu, da su za ka zana fita daga gari: ƙafa, ƙaya, goyo, waiwaye. Akwati ɗaya mai faɗi daga gefe zuwa gefe yana tsayar da ido, da shi za ka zana tafiyar da ba ta ƙarewa. Tsakanin Baga da Maiduguri kusan kilomita 200 ne, Inna kuma da ƙafa ta kai Monguno ta cikin daji kafin su samu mota. Don mai karatu ya ji tsawon nan a jikinsa, na zana fili ɗaya sau uku a jere, mutanen ƙanana kamar tururuwa, abin da ke canzawa kawai shi ne inda rana take da tsawon inuwa. Janairu lokacin hunturu ne, saboda haka na sirka tawada da ruwa na shafa sama-sama don hazo, da dare kuma na zana su a dunƙule saboda sanyi. Mai zanen da bai tambayi wata ba zai zana gumi inda ya kamata ya zana rawar ɗari.

Akwai wanda suka fito tare da shi bai iso ba. Inna ta faɗi hakan sau ɗaya, ba ta ƙara ba. A wurin na bar akwati fari fat, ba zane ba rubutu, a akwati na gaba kuma mutanen da suke biyar sun koma huɗu. Na nuna mata na tambaya ko in cire. Ta ɗora yatsa a kan farin wurin, ta ce in bar shi.

Ka kula da juya shafi. A littafin boko, idan mutum ya buɗe, idonsa yana ganin hagu da dama lokaci ɗaya, don haka duk abin da kake so ya zo wa mai karatu ba zato, ka ajiye shi a shafin hagu, wanda sai an juya ake gani. Wurin da Inna ta duba hannunta ta ga murfin, a shafi na 14 na sa shi, shi kaɗai, ya cika shafin.

Kada ka zana "sansani" kawai kamar duk ɗaya suke. Mu a Hausa kowa ɗan gudun hijira muke ce masa, amma a doka akwai bambanci. Wanda ya tsallaka iyaka yana ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969, wanda ya tsaya cikin ƙasarsa kuwa yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta yi magana a kansa. Wannan bambanci yana fitowa a zane. Ƙanwar Inna ta ruwa ta bi, a kwale-kwale, ta ƙare a sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola a Chadi, inda allunan ke da Faransanci da Larabci, kuɗi kuma sefa. Wanda ya gudo daga Gwoza a watan Agustan 2014 duwatsu ya hau, ba tafki ya ratsa ba, wataƙila ya ƙare a Minawao ta Kamaru, sansanin da aka buɗe a 2013, kuma da yawansu Kirista ne, kada ka sa wa kowace mace hijabi. Mutanen Damasak kogi suka tsallaka zuwa jihar Diffa, inda sansanin Sayam Forage yake. Waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi tun 2019 cikin 'yan uwansu Hausawa suka sauka. Mutanen Darfur da suka kwararo garin Adre na Chadi bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 suturarsu daban, jakunansu da amalankensu daban. Abin da kusan ko'ina za ka tarar shi ne farin tamfol, da layin jarkoki ruwan ɗorawa a bakin famfo tun kafin asuba, kowace da alamar mai ita, da katin karɓar abinci da ake ƙullewa a leda a bakin zani.

Maganar zana fuska za ta taso, gara ka tayar da ita da kanka tun farko. Akwai masu ƙyamar zana mai rai saboda addini. Fatawa ta malamai ce, abin da ya rataya a wuyanka shi ne ka tambayi mai labarin ka bi abin da ya ce. Inna ba ta so a zana fuskar mijinta, don ya rasu. Ta baya na zana shi, da hularsa da hannayensa a kan taru, kuma duk wanda ya karanta littafin shi yake fara ambata. Hannu, ƙeya, inuwa, yadda mutum ke tsugunne, duk suna magana.

Rubutu, tawada da maɗaba'a

Ka rage magana. Abin da zane ya nuna kada rubutu ya maimaita. Ni ba na wuce kalma ashirin a akwati, kuma rubutun nake fara yi kafin zanen, don kada in gama in rasa inda zan cusa shi. Ka bar maganar mutum yadda ya faɗe ta, da karin harshensa, kada ka mayar da dattijuwar bakin tafki mai karanta labarai. Kafin ka sa tawada, ka rufe rubutun duka ka ba wanda bai iya karatu ba, ya faɗa maka abin da yake gani. Inda ya rikice, zanenka ne bai fita ba. Wannan gwaji wajibi ne, domin da yawa cikin matan da labarin ya shafa ba sa karanta boko. Saboda su na roƙi wani alaramma ya rubuta mini taƙaitaccen labarin da ajami a shafuka biyu na ƙarshe. In kuwa littafin gaba ɗaya za ka yi da ajami, ka tuna daga dama ake buɗe shi, akwatunan ma daga dama zuwa hagu za su jeru.

Kayan aiki ba su da yawa: fensir, magogi, rula, baƙin alƙalamin zane mai bakin siriri da mai kauri, buroshi ɗaya, farar takarda mai ɗan kauri. Ka zana a babbar takarda a rage wajen bugawa, layin zai fi fita tsaf. Ka bar aƙalla santimita ɗaya a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Yawan shafuka dole ya rabu da huɗu, domin takardar A4 ɗaya idan aka ninke ta tana ba da shafi huɗu, takwas ke nan suke ba da 32. Tun ranar farko ka ninke fararen takardu takwas ka yi ɗan littafin gwaji, ka sa lamba, ka zana ƙananan hotuna a ciki da fensir. A nan za ka ga shafi na 1 da na 32 a fuskar takarda ɗaya suke, a nan kuma za ka gyara tsari tun gyara bai yi tsada ba. Wajen sikanin, wato ɗaukar zanen da na'ura zuwa kwamfuta, zanen baƙi da fari zalla yana son ɗigo 600 a inci, mai toka-toka 300 ta ishe shi. In waya kawai gare ka, ka ɗauka da rana a inuwa, wayar a miƙe daidai saman takardar.

Ga inda na yi asara. Na buga rubutun bango da gabatarwa a kwamfuta na kai wata maɗaba'a, ban tsaya ganin gwaji ba. Da aka kawo kwafi ɗari na farko, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai wani ɗan akwati ya fito a madadinsu, saboda kwamfutarsu ba ta da irin haruffan. Tun daga nan da hannu nake rubuta komai ya zama ɓangaren zanen, kuma ba na barin a kunna inji sai na riƙe kwafin gwaji na karanta shi daga bango zuwa bango. In kana son littafin ya shiga shaguna da ɗakunan karatu, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke ba da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Najeriya.

Batun kuɗi ku gama shi tun kafin a buga, a gaban shaida daga danginta ko danginsa. Mu rabi da rabi muka yi bayan an cire kuɗin bugu. A bango na rubuta cewa labarin na Inna ne, zane nawa, da sunan da ta zaɓa wa kanta a sama da nawa. Hoton bangon ma ita ta zaɓa. Na kawo mata guda uku, ta ture na mace mai kuka, ta ture na tamfol, ta ɗauki wanda take tsaye da goyo tana kallon gaba. Kalmar hijira ai mai daraja ce a wurinmu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta daga Makka zuwa Madina, Shehu Usmanu ya yi ta daga Degel zuwa Gudu a 1804. Wanda ya ɗauki jika a baya ya ratsa daji da ƙafa kada ka zana shi yana miƙa hannu.

Ranar da aka kawo bugu na biyu, wanda haruffansa suka fita daidai, kafin in kai gida na tsaya wurinta. Jikar, wadda yanzu ta shiga makaranta, ita ta karanta mata a bakin kasko, Inna na gyara mata sunayen kifi. Murfin yana nan, da shi take rufe ƙullun ƙosai. Ta ce in ba ta kwafi biyu, ɗaya nata, ɗaya kuma akwai wani direba da ke bi ta Gamboru zuwa Chadi, shi zai san yadda za a kai wa ƙanwarta a Baga Sola. Ta naɗe shi a leda biyu saboda ƙura, ta ƙulle da zare.